Martani: Sayen Katin Wasa Ba Izinin Ɓalle Kulle Ba Ne

Da'awar cewa duk wanda ya sayi katin wasan Nintendo 3DS yana da 'yancin sauko da sabuntawar da aka ɓalle wa kulle, ya kunna ta a manhajar kwaikwayo ta Citra, ta cakuɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba. Manhajar da ke kwaikwayon na'urar wasa a kwamfuta ba laifi ba ce a kan kanta. Hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a shari'ar Sony da Connectix a 2000 ya nuna haka. Ɓalle kulle kuwa zance ne daban. Sashe na 1201 na dokar DMCA ta 1998 ya haramta shi, kuma da shi Nintendo ta maka masu wata manhajar kwaikwayo mai suna Yuzu a kotu. A Maris 2024 suka amince su biya dala miliyan 2.4, aka rufe Citra tare da ita.

Masu da'awar suna fakewa da rufe shagon eShop na 3DS a Maris 2023. Hujjar ba ta riƙe ruwa, domin sayarwa aka dakatar, an bar hanyar sauko da sabuntawa a buɗe, haƙƙin mallaka ma yana nan daram.

Sun kuma yi gum kan haɗari. Sabuntawar 3DS a fayil mai ƙarewa da .cia take zuwa. Shafin da ya miƙo .exe, ko ya nemi a kashe manhajar tsaro kafin a buɗe, tarko ne na masu satar kalmomin sirri. Ko fayil ɗin na gaske ne, sabuntawar Turai ba ta hawa kan yawancin wasannin da aka buga don Amurka, saboda lambar shaidarsu ta bambanta.