Filin Tarbiyya: 'Ya'yanmu Da Wasan Ƙanƙara

 

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, gidajen Aljirif da dama suka watse. Wasu sun tsaya a Alƙahira, wasu a Jidda ko Dubai, wasu kuma rabo ya kai su Kanada, musamman bayan da gwamnatin ƙasar ta buɗe wa 'yan Sudan hanyar ɗauko danginsu a 2024. Daga waɗannan 'yan'uwa ne tambayar wannan wata ta fito. Makaranta ta aiko da takarda cewa za a kai ɗalibai filin ƙanƙara su koyi zamiya, ko kuma yaro ya dawo gida yana roƙon a sa shi ƙwallon gora na ƙanƙara kamar abokansa. Shin a bari ko a hana? Amsata ita ce a bari, amma a bi abin mataki-mataki, kuma uba ko uwa su kasance a wurin.

Duk wanda ya tashi a Aljirif ya san yadda dattawanmu suke yi da kogin Nilu. Uba mai hikima ba ya raba ɗansa da kogi, domin ya san wata rana zai je ko da izini ko babu. Abin da yake yi shi ne ya koya masa iyo, ya nuna masa inda ruwa yake ja, ya kuma hana shi shiga idan kogi ya kawo a watan Agusta. To matsayin da kogi yake da shi a wurinmu, shi ƙanƙara take da shi a wurin mutanen Kanada. A Montreal aka buga wasan ƙwallon gora na farko mai tsari a cikin rufaffen fili, ranar 3 ga Maris, 1875, kuma har yau a filin ƙanƙara yaran unguwa suke ƙulla abota. Hunturu yakan ɗauki daga Disamba zuwa Maris, a Disamba kuwa rana tana faɗuwa da wuri. Yaron da aka kulle a ɗaki tsawon wata huɗu, waya ce za ta raine shi. Jikinsa zai mutu, harshen ƙasar ma ba zai kama bakinsa da wuri ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (Allah Ya ƙara masa yarda) ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Manufar a fili take: yaro ya yi ƙarfi, ya kuma iya abin da rayuwar ƙasarsa take buƙata.

Matakin farko shi ne zamiya kawai, ba tare da sanda ba. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar zai iya farawa, kuma wanda ya kai goma bai makara ba. Hukumar Skate Canada tana da shirin masu koyo mai suna CanSkate, wanda a Faransanci ake kira PatinagePlus, kuma ana samunsa a filayen unguwanni. Abin da ake fara koya wa yaro shi ne yadda zai faɗi da yadda zai tashi, saboda haka kada uwa ta ruɗe idan ta ga ɗanta yana ta zubewa. Rabin sa'a ya ishe shi a farko. Idan ya ce ya gaji ko yatsunsa sun daskare, a fito da shi ba tare da gori ba.

A nan akwai wata al'adarmu da dole mu ajiye. Mun saba saya wa yaro takalmi mai ɗan girma domin ya yi masa shekara biyu. Takalmin ƙanƙara ba ya son haka: sai ya kama ƙafa da idon sawu sosai, da safa ɗaya mara kauri, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa karkacewa. Na hannu ma yana yi, in dai an wasa ƙarfen da ke ƙasansa. Hular kwano kuwa wajibi ce, kuma a duba tana ɗauke da tambarin CSA. Haka ma safar hannu mai kauri, domin ƙarfen takalmin yana da kaifi kuma hannun yaron da ya faɗi a ƙasa yake. Sannan kada a bar yaro ya hau tafki ko kogin da ya daskare sai inda hukuma ta auna ta buɗe. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga jama'a.

Mataki na biyu shi ne ƙwallon gora, kuma ba kowane yaro ne sai ya kai nan ba. Wasa ne mai cin kuɗi da lokaci: kayan kariya daga kai har ƙafa, kuɗin rajista, da atisayen sassafe a ƙarshen mako. Kada magidancin da yake aika wa dangi abin sawa a baki ya ci bashi saboda wannan. Akwai shirin First Shift na yara 'yan shekara 6 zuwa 10 waɗanda ba su taɓa bugawa ba, inda ake haɗa musu kaya da darussan gwaji a kuɗi mai rahusa. Gidauniyar Jumpstart, wadda ake kira Bon départ a Faransanci, tana taimaka wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin rajista. A gwada shekara ɗaya a ƙungiyar unguwa kafin a yi maganar gasa.

Haɗarin wasan ma sai a faɗe shi. Tun 2013 hukumar Hockey Canada ta hana bangaza da jiki ga yara 'yan ƙasa da shekara 13, amma duk da haka akan bugu a kai. Yaron da ya bugu ya fara jiri ko amai ko ciwon kai, a cire shi nan take, kada ya koma sai likita ya yarda. Abin kariyar wuya kuma kada a raina shi: a Oktoba 2023 ɗan wasa Adam Johnson ya rasu a Ingila bayan ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya. Akwai kuma haɗarin da ba a gani daga wurin 'yan kallo. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta Nijeriya a 1989 ya kuma buga wa Calgary Flames, ya bayyana a 2019 irin zagin launin fata da ya sha. Don haka uba ya san mai horar da ɗansa, ya shiga ɗakin canza kaya ya ɗaure masa takalmi da hannunsa, a hanyar gida kuma ya tambaye shi abin da aka ce masa.

Sai batun addini, wanda shi ne ya fi damun iyaye. A hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna matsowa kusa da juna, saboda haka a duba jadawalin salla kafin a zaɓi lokacin darasi, a yi alwala tun daga gida, a kuma saka darduma a jakar kaya. Idan atisaye ya ci karo da makarantar Islamiyya ta Asabar, a nemi wani rukunin. 'Ya'ya mata ma kada a bar su a baya. Zamiya ana yinta da wando da doguwar rigar sanyi, kayan ƙwallon gora kuwa sun rufe jiki duka. A sa musu hijabi ƙarami mara allura wanda zai shiga ƙarƙashin hular kwano. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shiga gasar zamiya a Italiya da hijabinta tun 2012.

Yaro yana son ya ga wanda ya yi kama da shi. A ba shi labarin Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975, ɗan wasa na farko haifaffen Nijeriya da ya buga a babbar gasar NHL. A ba shi labarin Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanan, wanda ya ci kofin Stanley da Colorado Avalanche a 2022, ya kuma kai kofin masallacin garinsu London ta jihar Ontario.

'Yan'uwanmu na Dubai da Alƙahira, su ma akwai filayen ƙanƙara a manyan kantunan garuruwansu, kuma shawarar hular kwano da safar hannu ta shafe su. Waɗanda suka koma Aljirif da Umdurman kuwa, kogi yana nan inda yake, kuma koya wa yaro iyo a gaban babba nauyi ne da bai sauka ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa mu da waɗanda muka rabu da su cikin alheri. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.