Ina Yaro Zai Koyi Injiniyan Gini?

'Yan Arewa mazauna Ikko ba su manta da ran 1 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard, cikin Ikoyi, ya rufta, mutum fiye da 40 suka halaka. A irin waɗannan wurare ne jama'armu da yawa ke yin leburanci da gadi. Saboda haka in aka ji ɗan Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya ce yana son zama injiniyan da ke lissafin nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, abin murna ne ƙwarai. Sai dai wajen zaɓen jami'a ne iyaye kan yi sakaci.

Al'adar mafi yawansu ita ce a tura yaro gida, Zariya ko Kano, don ya zauna kusa da dangi. Ba wanda zai raina Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take horar da injiniyoyi. Amma kewar gida ba ta isa hujja ba. Yaron da ya tashi a Ikko, kuma a nan zai nemi abinci, yana da dalilin duba Jami'ar Ikko da ke Akoka. Ƙasar Ikko fadama ce, ruwa na kusa, shi ya sa ba a ɗora babban bene a wurare da dama sai an kafa turaku can ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya yi watannin koyon aikinsa a irin wannan fili ya ga abin da allo ba zai nuna masa ba.

Ya kamata kuma a sani, wannan fanni reshe ne na digirin da ake kira sibil, watau na gine-gine da hanyoyi da gadoji. Shekara 5 ake yi, ƙwarewa a kan ƙashin gini kuwa galibi sai a digiri na biyu. A jarrabawar JAMB ana neman Turanci da lissafi da fiziks da kimistiri.

Babbar magana ita ce amincewar hukuma. Kafin uba ya biya ko kwabo, lalle ne ya bincika ko hukumar jami'o'i, NUC, da majalisar injiniyoyi, COREN, wadda aka kafa da dokar 1970, sun amince da wannan sashe ɗin kansa, domin sashe-sashe suke dubawa. Jami'a na iya yin suna alhali sashenta ɗaya bai sami shiga ba, ɗalibin da ya fito daga can kuwa zai sha wuya wajen rajista, kuma ba rajista ba sa hannu a kan zanen gini.

Daga nan sai uban ya taka da ƙafarsa zuwa makarantar, ya nemi a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje, ya tambayi ɗaliban aji huɗu ko injin matse kankare da na jan rodi suna aiki, da kuma sau nawa suka taɓa su da hannunsu.