Firigo ba ya kashe ƙwayar cuta, a tafasa madara tukuna

'Yan uwa makiyaya da mambobin ƙungiyoyi na Bosso, Diffa da bakin Komadugu, tun da firigo mai aiki da hasken rana ya fara shigowa garuruwanmu nake jin ana cewa madarar da ta shiga sanyi ta tsira. A matsayina na ma'aikacin lafiyar dabbobi, ban yarda da wannan magana ba.

Ku duba allurar ciwon huhun shanu da muke yi wa garkenku. Ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma cikin ƙanƙara muke kawo ta don kada ta mutu. Sanyin da ya adana ƙwayar rigakafi, shi ne zai adana ƙwayar cuta.

Wasu ƙwayoyin ma hayayyafa suke yi a cikin sanyi. Listeriya tana ƙaruwa a digiri 4, wato sanyin firigo. Dabararta ita ce sauya kitsen fatar jikinta don kada ya daskare, kamar yadda man shanu kan daskare da hunturu amma man gyaɗa ya zauna ruwa. Tana kuma da 'yan gashi ƙanana da take iyo da su a wuri mai laima, har ta manne a jikin jarka. Ita ce ke sa tunkiya ta riƙa juyawa wuri ɗaya ko ta yi ɓari, kuma tana iya zubar da cikin mace. Wata kuma, Sudomonas, tana sakin sinadarin da ke sa madara ɗaci, wanda ko an tafasa daga baya ba ya gushewa.

Saboda haka wuta ce farko, sanyi na biye. A wanke hannu da hantsa kafin tatsa, a tace, a tafasa, ta huce a rufe, sannan a sa firigo. A wanke jarka da ruwan zafi da sabulu, a kife ta ta bushe a rana. Kada a haɗa madara da allurar dabbobi ko ɗanyen nama a firigo ɗaya.

Na san itace yana tsada, kuma wasu masu saye sun fi son ɗanɗanon ɗanya. Amma kuɗin itace bai kai asarar tatsar kwana guda ba, balle lafiyar mai juna biyu. Ina roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan cikin dokokinta: madarar da ba ta ga wuta ba, ba ta shiga firigo.