NA'URAR NUNA WURI A HANNUN MASUNTA: INA KUSKUREN YAKE?

Duk wanda ya san yankin Kankiya da Kusada ya san ba ƙasar manyan koguna ba ce, amma duk da haka akwai magidanta da dama waɗanda tukunyarsu ba ta hawa murhu sai da su. Waɗansu suna kamun kifi a ƙananan madatsai da tafkunan da ke kusa da gida, waɗansu kuwa sukan niƙa gari su nufi madatsar Zobe da ke maƙwabtaka a ƙasar Dutsin-Ma, wadda aka gama ginawa cikin 1983 a kan kogin Karaduwa. A waɗannan ruwaye ba a ganin manyan jiragen su masu ɗauke da allon taswira irin na masuntan teku. Abin da ake gani shi ne kwale-kwale da filafili, sai kuma wayar salula a aljihun saurayin da ke tuƙi. To, amma na'urar GPS da ke cikin wayar nan aikinta ɗaya ne da na allon taswirar babban jirgi, watau ta faɗa wa mai ita inda yake a bayan ƙasa, ta kuma riƙe masa alamar wurin da ya kafa kalli ko ya zuba mamari, domin ya komo ya same shi.

Ƙorafin da aka saba yi game da ita ko'ina iri ɗaya ne. Mutum zai sa alama da almuru, ya komo da asuba, wayar ta ce ga wurin, amma ya lalubi ruwa bai ga ko gorar kallinsa ba. Daga nan sai zato ya shigo, ko dai a ce wani ya ɗauke, ko a ce na'urar maƙaryaciya ce. Zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ra'ayin da ake so a kafa a nan shi ne, mafi yawan wannan kuskure gyaruwa yake yi, kuma babban rabonsa yana ƙasa, a hannun mai riƙe da wayar da kuma taswirar da aka ba shi. Saboda haka akwai aikin da ya hau kan masunci, akwai kuma wanda ya hau kan hukuma.

Ya kamata a fara sanin yadda abin yake aiki. Gwamnatin Amurka ce ta kafa tsarin GPS, ya kuma kammala sosai cikin 1995 da taurarin ɗan'adam 24, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Kowane tauraro yana aiko da saƙon da ke ɗauke da lokaci, ita kuwa na'urar tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane nisanta da tauraron. Sai ta ji aƙalla taurari huɗu sannan lissafinta yake tsayuwa. Kafin watan Mayu na 2000 Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. Bayan da aka janye wannan, waya mai kyau a fili tana iya nuna wuri da kuskuren da bai fi kimanin mita 5 ba. Har ila yau Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, ƙasar Sin kuma ta kammala BeiDou cikin 2020, kuma yawancin wayoyin zamani suna sauraron fiye da ɗaya.

Kuskure na farko daga riƙo yake. Saƙon taurarin nan mai rauni ne ƙwarai, jikin mutum ma yana tare shi. Wayar da ke cikin aljihu, ko a ƙasan kwale-kwale ƙarƙashin taru, ko cikin kwanon sha mai murfi don gudun jiƙewa, rabin sama kaɗai take gani, ko ma ba ta gani sam. Maganin wannan shi ne a sa ta cikin jakar leda mai garai-garai, a ɗaga ta a fili, a kuma yi haƙuri na minti biyu ko uku kafin a danna alama, har da'irar nan da ke kewaye da ɗigon ta tsuke. Wannan da'ira ita ce na'urar take faɗin iyakar saninta da ita, kuma wanda ya sa alama tana faɗi ya sayi wahala da kuɗinsa. Haka kuma tsarin tsimin batir yana rage yawan sauraron taurari, don haka a kashe shi a lokacin sa alama. Waɗansu suna tsammani in babu sabis ko data GPS ba ya aiki. Yana aiki, sai dai yakan daɗe kafin ya kama, kuma dole a riga a sauke taswirar wurin tun a gari. Kibiyar da ke nuna fuska kuwa da maganaɗisu take aiki, ƙarfen inji ko na anka yana karkatar da ita, saboda haka a nisanta ta da ƙarfe.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi shafar ma'aikata da ɗalibai, domin a kan takarda ake yin sa. Tsofaffin taswirorin Nijeriya da safiyo-safiyo suka zana an gina su a kan tushen awo na Minna, ita kuwa GPS tana aiki da tushen awo na duniya mai suna WGS 84. Idan aka kwafi lambobin wuri daga tsohuwar taswira aka zuba su cikin waya ba tare da an juya su ba, a wannan yanki wurin zai goce da kimanin mita 80, galibi ta fuskar gabas da yamma. A gona wannan ya isa ya jawo shari'ar iyaka, a ruwa kuwa ya isa ya kai kallin wani cikin wurin wani. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, watau rikita yadda ake rubuta lambobin. Garin Kankiya yana wajen digiri 12 da minti 33 arewa. In malami ya rubuta wannan a matsayin 12.33 ya miƙa, wanda ya karɓa ya shigar da shi haka, na'urar za ta kai shi fiye da kilomita 24 kudu da inda ake nufi, domin minti 60 ne ke yin digiri ɗaya, kowane minti kuma mita 1,852 ne. Wannan ba laifin tauraro ba ne, laifin alƙalami ne.

Kuskure na uku daga taswirar kanta yake. Hoton da waya ke nunawa an ɗauke shi ne a wata rana guda, mai yiwuwa da damina, mai yiwuwa da rani, mai yiwuwa shekaru da suka wuce. Madatsun Jihar Katsina kuwa suna cika da kaka su janye da bazara, yashi da laka kuma suna ta cike su kowace shekara. Saboda haka waya tana iya nuna mutum a tsakiyar ruwa alhali kwale-kwalensa ya kafe a laka. Bugu da ƙari, wannan taswira ba ta san zurfi ba, ba ta kuma san kututturan itatuwan da ruwa ya ci ba, waɗanda su ne ke yaga taru su fasa jirgi.

Na huɗu shi kaɗai ne ya fito daga sama. A can saman iska akwai wani sashe mai ɗauke da lantarki wanda saƙon taurari ke ratsawa, kuma a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, har da Nijeriya, wannan sashe yakan hargitse bayan faɗuwar rana zuwa wajen tsakar dare, musamman cikin watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, da kuma shekarun da rana ta fi tashin hankali. A watan Mayu na 2024 wata guguwar rana ta sa taraktocin manoman Amurka masu aiki da GPS suka kasa bin layi a tsakiyar shuka. Abin lura a nan shi ne, lokacin da wannan hargitsi ke farawa shi ne daidai lokacin da masunci ke kafa kalli. Dabarar ita ce a sa alama tun da sauran haske, ko a sa ta sau biyu ko uku a ɗauki tsakiya. Wayoyin da ke sauraron zango biyu na saƙon, waɗanda suka fara shiga kasuwa cikin 2018, sun fi jure wannan, ga wanda ya sami hali.

To, ina aikin hukuma? Abu na farko mai sauƙi ne kuma ba shi da tsada. A kowace mashiga ta ruwa a kafa turken siminti, ofishin safiyo na jiha ya auna shi, a rubuta lambobinsa a jikinsa bisa WGS 84. Masunci zai tsaya a kansa kafin ya shiga ruwa ya duba wayarsa. In ta yi daidai, ya tafi da natsuwa, in ta goce, ya san ranar nan ba abin dogara ba ce. Na biyu, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda Zobe ke hannunta, tare da sashen kiwon kifi na Ma'aikatar Gona, su auna zurfin madatsai, su fitar da taswira mai nuna iyakar ruwa ta kaka da ta bazara da wuraren kututture, da bayani cikin Hausa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa cikin 2011, da na sauran manyan makarantun jiha suna neman batun bincike kowace shekara, ga shi kuwa a bakin ƙofarsu. Cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa tana da masanan da za a nemi shawararsu. Na uku, a koya wa malaman gona da sarakunan ruwa yadda ake karanta lambobin wuri da faɗinsu ta waya, domin ranar ceto. Hatsarin jirgin da ya auku a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, inda rayuka da dama suka salwanta, yawancinsu yara, ya isa ya tuna wa kowa cewa ruwan madatsa ba abin wasa ba ne. GPS ba ya hana lodi fiye da kima, amma yana gajarta wa masu ceto nema.

Daga ƙarshe, kada samari su yi watsi da ilmin iyaye. Tsohon masunci yakan jera kuka da hasumiyar masallaci a layi ɗaya, ya waiwaya ya jera giginya da wani tudu, inda layukan biyu suka haɗu nan ne wurinsa. Matuƙan jiragen teku har yau ana koya musu wannan dabara, domin ba ta cin batir kuma guguwar rana ba ta taɓa ta. Waya ta kawo mutum kusa ko da cikin hazo, ido kuma ya ƙarasa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kallin da ya ɓace bashi ne a wuyan magidanci, kuma sau da yawa shi ne mafarin gaba tsakanin maƙwabta. In turken siminti da taswira ta gaskiya za su rage wannan, bai kamata a jira wata damina ba. Allah ya sa waɗanda abin ya shafa su ji, su kuma aikata.