Kira ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa Kan Filin Surulere

Ranka ya daɗe Shugaban Hukuma,

Kukana a kan Babban Filin Wasa na Ƙasa ne da ke Surulere a Legas, wanda aka buɗe a 1972 zamanin Janar Yakubu Gowon, ya karɓi baƙuncin Wasannin Afirka a 1973. A nan ne, ranar 22 ga Maris 1980, 'yan ƙwallon Najeriya, Green Eagles, suka lallasa Aljeriya da ci uku da nema. Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin Afirka na farko da Najeriya ta ɗauka. Mu a Arewa ta rediyo muka saurara, amma ihun da aka yi a unguwarmu sai ka rantse filin a bayan gidanmu yake. A kan wannan ciyawa ce kuma ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsaka da wasa da Angola, bai sake tashi ba.

Tun da aka buɗe filin Abuja a 2003, sai aka juya wa Surulere baya. Kujeru suka lalace, a 2023 ma guguwa ta kayar da ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa.

Na san gyaran fili irin wannan ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, kuma hukuma na da ɗawainiya da yawa. Sai dai akwai abin da ba zai jira kasafin kuɗi ba. Siminti ana iya sake zuba shi ko yaushe, amma Muda ya rasu tun 1991, Chukwu ya bi shi a 2025, kowa ya tafi da labarin da ke bakinsa.

Don haka nake roƙo, ranka ya daɗe, a ware ɗaki guda a cikin filin don adana tarihinsa. A tattaro riguna, hotuna da tikitin shiga na wancan zamani. A nemi faifan wasannin a gidajen rediyo da talabijin na gwamnati kafin su lalace. Sannan a tura masu naɗar murya wurin Odegbami da sauran 'yan wasan 1980 da ke raye, tun bana, a fassara hirar zuwa Hausa da sauran harsunanmu.