RIJIYA TAMU CE, GUGAN FA?

 Ga magana a kan ƙarfen uraniyom da yaran da za su riƙe shi. A karanta ta a taron reshe, a kuma bayyana wa waɗanda ba su yi lakwal ba.

A 1957 Turawan Faransa masu neman tagulla suka tarar da uraniyom a Azelik. A 1971 kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a Arlit, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta ce SOMAIR ya zama na ƙasa. Madalla. Amma takardar mallaka ba ta tuƙa inji. Mutum ke tuƙa shi, kuma mutumin nan sai an yi renonsa shekara da shekaru.

Haƙo dai mun iya. Makarantar EMIG ta Yamai da makarantar ma'adinai ta Agadas sun yaye ƴan ƙasa da suka san fasa dutse, da niƙa shi, da jiƙa shi da ruwan asid har ya zama garin nan da ake ɗurawa a ganga. To, daga ganga fa? Shekaru da dama manyan motoci sun yi ta kai ta Kwatano, jirgin ruwa ya kai ta Faransa. A cikin uraniyom na dutse, irin da ke ba da wuta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 kafin ya shiga tukunyar atom. Wannan aikin a can aka yi shi, ilminsa kuma can ya zauna. Faransa na samun wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga atom. Mu kuwa, mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kura a gidansa, kuma da Nijeriya ta yanke mana layi a 2023 kowa ya ga duhun da muka shiga. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da muke nema shi ne a ɗauki ɗalibin injiniya aikin koyo tun yana jami'a, a biya shi kuɗin wata. Lokacin karatu yana aji, lokacin hutu yana wurin aiki ƙarƙashin gwani, in ya gama kuma kujerarsa na jiransa.

Ba mu muka ƙago wannan ba. Indiya ta kunna tukunyar atom ɗinta ta farko a 1956. Shekara na zagayowa, a 1957, Homi Bhabha ya buɗe makarantar koyo, inda ake zaɓen samari da jarrabawa, a biya su suna koyo, su gama a ba su aiki. Ostareliya ma, mai sayar da uraniyom kamarmu, wadda ba ta da tashar lantarkin atom ko ɗaya, tana ɗaukar ɗaliban da ba su gama jami'a ba su yi shekara da albashi a cibiyarta ta Lucas Heights kusa da Sidni. A kusa da mu, Nkrumah ya aza harsashin cibiyar atom a Kwabenya a 1964, Gana ta kunna ƙaramar tukunyar bincike a 1994, Zariya ta kunna tata a 2004.

Don me sai an biya? Don mun san ɗan talaka. Yaro ya ci bak da lissafi mai kyau, ya sauka Yamai ba dangi ba kowa. Bursu in ta zo a makare take zuwa. A gida ana jiransa ya taimaka da kuɗin taki. Karatun injiniya kuwa shekara 5 ne, ba ya haɗuwa da tallar dare. Sai ka ga mai ƙwaƙwalwa ya bari ya kama kabu-kabu, ko ya samu hanya ya tafi waje bai dawo ba. In ba a biya ba, ilmin atom zai zama gadon ƴaƴan masu hali kaɗai.

Wasu za su ce ai ba mu da tashar atom, me za a yi da waɗannan yara? Aiki na nan jibge. Da COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021 ya bar tudun dusar dutse kusan tan miliyan 20 kusa da gidajen mutane. Wa zai auna iska da ruwan rijiyoyin Akokan ya gaya mana gaskiya? A 2021 aka buɗe wurin gasa ciwon daji na farko a Yamai. Injinsa na bukatar mai saita shi da mai gyara shi. Kuma duk ranar da za a zauna ciniki da baƙo, ko daga Faransa ya zo, ko Rasha, ko Sin, dole a samu namu da zai karanta takarda ya gane inda aka ɓoye ƙaya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ga abin da muke kira a yi:

1. A cire wani kaso sananne daga kuɗin kowace ganga da aka sayar, a ajiye shi don albashin masu koyo, kada ya shiga wata hidima.

2. A yi zaɓe da jarrabawa a kowace jiha, a manna sakamako a bango kowa ya gani. Ban da ɗan wane, ban da wasiƙar babba.

3. Ƴan mata su shiga daidai da samari, kuma a ware wa ƴaƴan Arlit da Akokan wuri, tun da su suka shaƙi ƙurar.

4. Hukumar atom ta ƙasa, da kamfanonin haƙo, da jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana, su haɗu su tsara koyon. Wanda za a tura Zariya ko Kwabenya a tura shi da guzurinsa.

5. Wanda aka biya ya sa hannu zai yi wa ƙasa aiki gwargwadon shekarun da aka ciyar da shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ita ma gwamnati in ta kasa ba shi aiki, ta sake shi.

Ku shugabannin rassa, aikinku ya fara yau. Ku je lakwal ɗin garinku ku tambayi malamai yaran da suka fi lissafi da kimiyya. Ku rubuta sunayensu ku aiko. Ku zauna da iyayensu, musamman na ƴan mata, ku roƙe su kada a cire su. Duk wanda ya zo neman goyon bayanku ran kasuwa, ku tambaye shi matsayinsa a kan wannan magana, ku rubuta amsarsa ku ajiye.

Wassalam.