Kicin na Zamani: Don Girki Aka Gina Shi Ko Don Kallo?

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ginin kalma ya san yadda Hausa take samar da sunan wuri daga aikatau ta hanyar liƙa ɗafa-goshin ma-. Daga karanta aka sami makaranta, daga rina aka sami marina, daga jema aka sami majema, daga dafa kuma aka sami madafa. Wato tun daga sunansa, Bahaushe ya nuna cewa wurin aiki ne. Kamar yadda ake auna makaranta da karatun da ake yi a cikinta, haka ya kamata a auna madafa da sauƙin dafa abinci a cikinta. A yau kalmar aro, wato kicin, ta fi yawo a bakin mutanen birni, kuma babu laifi a cikin haka, domin kowane harshe yana aro. Abin da ya dame ni shi ne mun aro kalmar tare da fasalin ɗakin gaba ɗaya, ba tare da mun tambayi kanmu ko ya dace da irin girkinmu ba.

Abin da ake yayi

Wanda ya duba tallar sababbin gidaje a Legas ko Abuja ko Fatakwal zai ga abubuwa kusan iri ɗaya. Na farko, an rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo, sun zama ɗaki guda. Na biyu, an kafa wani babban tebur na dutse a tsakiya, wanda Turawa suke kira tsibiri, da dogayen kujeru a gefensa. Na uku, an jera kabad masu sheƙi tun daga ƙasa har rufi, an ɓoye firji da tanda a cikinsu. Na huɗu, an fara kawo murhun lantarki mai fuskar gilashi, wanda yake aiki da maganaɗisu. A hoto kam abin gwanin sha'awa ne. To amma masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Inda abin ya samo asali

Kicin mai jerin kabad da kanta a jikin bango yana da tarihi. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wani ƙaramin kicin domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Faɗinsa bai kai mita biyu ba, tsawonsa kuma kimanin mita uku da rabi ne, kuma an gina kusan guda 10,000 irinsa. Kafin ta zana shi sai da ta yi nazarin yadda ake aikin girki, da yawan takun da mai girki take yi, da lokacin da kowane aiki yake ci. Ta kuma ɗauki darasi daga ɗan ƙaramin kicin na jirgin ƙasa. Ta sa taga, ta sa kujerar zama, ta sa ƙofa mai zamewa tsakanin kicin da ɗakin zama. Daga baya, a shekarun 1940, masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ƙa'idar nan ta kusurwa uku, wadda ta ce kada murhu da wurin wanke-wanke da firji su yi nisa da juna.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Waɗannan mutane sun fara ne da kallon girkin mutanensu, sannan suka zana ɗakin. Mu kuwa muna farawa da hoton ɗakin wasu, sannan mu tilasta wa girkinmu ya shiga ciki.

Girkinmu da girkinsu

Mu ɗauki batun rushe bango. Wanda abincinsa burodi ne da cuku da ganye, ko abin da za a ɗumama na minti biyar, ba zai ga illar haɗe kicin da falo ba. Amma mu yi tunanin ranar da za a soya manja har ya yi hayaƙi, a zuba attarugu da albasa, a jefa daddawa da busasshen kifi. Kowa a falon sai ya yi tari da atishawa, baƙo da mai gida baki ɗaya. Bayan an gama, tururin mai ya riga ya sauka a kan labule da kushin da fanka. Ƙamshin miya yana da daɗi a lokacin cin abinci, amma idan ya kwana uku a jikin kujera sunansa ya canza.

Sai batun tsawon kanta. Yawanci ana yin ta santimita 90 daga ƙasa, domin mai yanka da juyawa a tsaye. Wanda ya taɓa tuƙa tuwo ko amala ko teba na mutum goma ya san cewa tuƙi yana bukatar nauyin jiki a kan muciya. Idan tukunya tana kan murhun da ya kai ƙugu, ƙarfin kafaɗa kaɗai ke aiki. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga an sauke tukunya mai zafi ƙasa, an riƙe ta da ƙafa da tsumma ana tuƙi, a cikin kicin ɗin da aka kashe wa miliyoyin Naira. Wannan hanya ce ta ƙonewa. Haka nan turmi da taɓarya ba su da mazauni a wannan tsari. Daka sakwara a kan tayil yana iya fasa shi, idan kuma a saman bene ne, sai an yi rigima da maƙwabcin ƙasa.

Ajiya ma haka take. An ƙera waɗannan kabad ne domin gwangwani da ƙananan fakiti. Mu kuwa idan hali ya samu, buhun shinkafa mai kilo 50 muke saya, da jarkar mai ta lita 25, da tarin doya da albasa waɗanda suke bukatar iska don kada su ruɓe. Bugu da ƙari, yawancin kabad ɗin an yi su ne da allon garin katako da aka manne da gam. A gari mai laima irin Legas, ruwa kaɗan ya shige shi sai ya kumbura ya ruguje, bayansa kuma ya zama gidan kyankyasai.

Murhun maganaɗisu kuwa yana da sauri, ba ya hayaƙi, ban kuma raina shi ba. Sai dai ba ya aiki da kowace tukunya. Dole gindinta ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma na ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, saboda haka tukwanen alminiyam da maƙeranmu suke zubawa ba za su ko yi ɗumi a kansa ba. Sannan ga batun wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ninka kuɗin wuta na masu rukunin A fiye da sau uku, zuwa Naira 225 kowane yunit. Kai guda na irin wannan murhu yana jan wajen yunit biyu a awa idan aka ƙure shi, wato Naira 450 ke nan a wancan farashi, kuma kowa ya san daɗewar wake da ganda a wuta. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar girki fa?

Abin da masu son sabon tsari suke cewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon bayan buɗaɗɗen kicin suna cewa tsohon tsari yana kulle mai girki ita kaɗai a bayan gida, cikin zafi, alhali sauran iyali suna falo suna hira. Suna cewa uwa tana son ganin yaranta yayin da take aiki, kuma idan kicin yana idon kowa, maza da samari sun fi sa hannu. Wannan magana gaskiya ce. Haka kuma ba na kiran a koma ga murhu mai duwatsu uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi hayaƙin itace da gawayi da kananzir ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Gas da famfo da firji da kanta mai sauƙin gogewa ci gaba ne na haƙiƙa, musamman ga lafiyar mata da yara.

Amma ana iya raba mai girki da kaɗaici ba tare da an cika falo da hayaƙi ba. Ƙofar gilashi mai zamewa, ko babbar taga tsakanin ɗakunan biyu, ta wadatar: a buɗe lokacin da ake gyaran kayan miya ana hira, a rufe lokacin suya. Wasu ƙasashe masu girki mai yaji da mai irin namu sun daɗe da gano bakin zaren. A Maleshiya da Singafo ana raba kicin biyu, jiƙaƙƙe domin suya da wanke-wanke, busasshe domin shayi da abinci mara nauyi. A Filifin ma gidaje da yawa suna da kicin na biyu a baya. Ko a tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, girki a tsakar gida ake yi, inda iska take kaɗawa, kuma a nan ne hirar gida take.

Shawara

A nawa ra'ayin, wanda zai gina gida ko zai gyara kicin ya fara da tambayar mai girkin gidan kafin ya tambayi mai sayar da kabad. Me ake dafawa a mako? Mutum nawa ake ciyarwa? Daga nan sai a kula da abubuwa biyar. A yi taga babba kusa da murhu, idan kuma za a sa na'urar zuƙe hayaƙi, a tabbatar tana da bututun da ya fita waje, domin wadda ba ta da shi juya iskar kawai take yi a cikin ɗaki. A yi wani gajeren dandamali na siminti, iya gwiwa, domin tuƙi da manyan tukwane. A bar ɗan fili ko baranda a bayan kicin domin daka da babbaka da gyaran kifi. A gina sito mai iska. Sannan a ajiye tukunyar gas a waje cikin keji mai shan iska, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, kuma rufaffen kabad shi ne wuri mafi haɗari gare shi. Duk waɗannan ba su kai tsadar teburin dutse guda ɗaya ba, amma sai an tuna da su tun a takarda. Tun ran gini, ran zane.

'Yan uwana ɗalibai, yawancinmu a yau risho ɗaya da tukunya biyu muke da su a ɗakin kwana, amma gobe mu ne masu haya da masu gini, mu ne kuma za mu fassara tallar gidaje da shirye-shiryen girki zuwa Hausa. Idan ranar ta zo, aka nuna mana ɗaki mai sheƙi aka ce kicin na zamani ne, mu nemi a ɗora tukunyar tuwo a ciki tukuna. In an tuƙa lafiya, an soya miya babu mai tari, to ya cancanci a kira shi madafa.